CompuServe, Prodigy da sauransu: wanda ya kawo mini labarin gida

A cikin kamfanonin sadarwar kwamfuta ta layin waya da na yi rajista da su lokacin ina karatu a Amurka, CompuServe ne na riƙe da hannu biyu, kuma dalilina guda ne.

Prodigy na kamfanonin IBM da Sears ya fi kowa kyan fuska. Shafukansa masu launi ne, da talla a ƙasan allo, yarana ma suna iya shiga da kansu. GEnie na General Electric kuwa rubutu ne tsura, amma da dare da ƙarshen mako kuɗinsa da sauƙi, shi ya sa ɗalibai suka so shi. CompuServe ko suna ba ya ba ka, wasu lambobi ne dogaye da waƙafi a tsakiya, su ne kai. Da farko ban ɗauke shi da muhimmanci ba.

Sai da watan Yunin 1993 ya zo. An yi zaɓe a gida ranar 12 ga wata, muna can ba mu da labari. Talabijin ɗin Amurka ba ruwansa da mu, jaridar garin da nake ko layi ɗaya ba ta sa ba, kiran waya zuwa Kano kuma sai wanda ya shirya, in ma layin ya shiga. Wani abokin karatuna ne ya nuna mini cewa a CompuServe akwai sashen da za ka rubuta kalma ɗaya, shi kuma ya riƙa tattaro maka duk rahoton da ta fito a ciki daga kamfanonin dillancin labarai irin su AP da Reuters. Na sa sunan Najeriya, na kwanta. Da asuba bayan salla na kunna modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, ta yi kukan nan nata kamar gyare, sai ga rahotanni jere suna saukowa layi-layi. Wallahi jikina har rawa yake yi. A nan na karanta soke zaɓen, a nan na karanta saukar Babangida a watan Agusta, da hawan Abacha a Nuwamba. Nakan buga su a takarda in kai masallacin Juma'a, 'yan'uwa su yi ta karɓa hannu-hannu har takardar ta yi laushi. Sashen yana da kuɗinsa na daban, na biya ban ji ciwo ba.

Amma duk lokacin da na tuna zamanin nan sai raina ya sosu saboda wani kamfani da ba zan kama sunansa ba. Ya aiko mini faifai ta gidan waya da alƙawarin sa'o'in gwaji kyauta. Lambar da suka ba ni in kira ashe ta wani gari ce, kuɗin wayar wannan watan ya cinye mini na cefane. Na kira na ce su rufe, wata mata ta ce an rufe. Wata na gaba suka sake zare kuɗi daga katina, na bayansa ma haka. Ɗalibi mai iyali, a ƙasar da ba shi da kowa, a yi masa wannan?

Ga kuma matsalar da ba kamfanin da ya iya mini maganinta: layin wayar gidan ɗaya ne. Ina kan kwamfuta, duk mai kira sai ya ji layi a cike. Akwai ranar da surukina ya tafi ofishin waya a Kano, ya bi layi, ya yi ta kira bai same mu ba. Maman yara ba ta ce mini komai ba, abin da ya fi damuna ke nan. Daga baya na samu manhajar TAPCIS, wadda ke shiga CompuServe ta kwaso saƙonni cikin 'yan mintuna ta ajiye waya, in karanta a tsanake. Ta rage fitinar sosai, sai dai rahotannin nan da na fi so ni nake zuwa in ɗauko da kaina, kuma a kansu ne layin ya fi daɗewa a toshe.