Gashaka-Gumti ko Yankari? Ni dai Gashaka

Ɗan'uwa tunda ka ce ƙafarka lafiya lau kuma hutun sati guda gare ka, ka tafi gandun dajin Gashaka-Gumti kawai, kar ka tsaya dogon shawara.

Ni a watan Janairu na je, muka kwana a Serti inda hedikwatar hukumar gandun take, washegari muka nausa ciki. Wallahi wurin nan hoto baya iya ɗaukarsa, tsauni ne bayan tsauni, da safe hazo ya kwanta cikin kwari kamar an shimfiɗa auduga, ga sanyi har cikin ƙashi. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ci Taraba ya shiga Adamawa, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu tsaunin da ya kai shi tsawo a ƙasar nan. Ban hau ba gaskiya, tafiyar kwanaki ce, gwiwata ta ce a kai kasuwa.

Abin da ba zan manta ba, muna cikin kurmi bayan mun tsallake kogin Kam da takalma a hannu sai ma'aikacin da ke mana jagora ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru, can muka ji ihun birran nan masu kama da mutane wato cimfanzi, tsigar jikina sai da ta tashi. Ba mu gansu ba fa, sheƙarsu kawai ya nuna mana a saman bishiya, ashe kullum da yamma sabuwa suke yi da rassa su kwana. Mun dai ga birai masu baƙi da fari da doguwar jela, tsuntsaye kuwa sama da kala 500 ne a dajin.

Yankari kuma, eh to, ruwan Wikki akwai daɗi, ɗuminsa digiri 31, in ka yi sa'a ka ga giwa daga cikin mota, gwaggon biri kuma ya sace maka leda. Kwana biyu ya isa.

Sannan ka kiyayi masu tallan tafiya a soshiyal midiya, su ɗora hoton zakunan Tanzaniya su ce turo rabin kuɗi a kama maka gurbi, wani abokina ya tura musu, har yau lambarsu bata shiga. Ka nemi hukumar gandun da kanka, ka tambaye su yanayin tsaron hanya. Ka je tsakanin Disamba da Maris, da damina koguna cika suke ba a tsallakawa.