Saliyo ko Laberiya: Wanne Za Ka Nazarta?

Ɗaliban tarihi sun sha tambayata wanne ya fi dacewa da bincike kan tasirin 'yantattun bayi a kan maƙwabtansu: Saliyo ko Laberiya, ƙasashen da aka tsugunar da irin waɗannan bayi.

Wajen yaɗa boko, Saliyo ta yi zarra. Kwalejin Fourah Bay da ke Freetown, babban birnin ƙasar, ta buɗe a 1827, ta yaye Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da ya zama bishop. Yarabawan da aka 'yantar suka koma Badagry, Abeokuta da Legas da karatu da sana'a. Har Hausawa akwai a Freetown. Wurinsu Schön, wani Bajamushe ɗan mishan, ya koyi Hausa.

Laberiya kuwa labarin mulki ce: ta samu 'yanci a 1847, amma zuriyar 'yantattun bayin da suka zo daga Amurka suka danne 'yan ƙasa har juyin mulkin 1980.

Mai sha'awar ilimi da harsuna ya ɗauki Saliyo. Mai bin diddigin siyasa da wariya, Laberiya ce tasa.