Dashen gashi: tsinta ɗaya-ɗaya ko yankan fata, wanne ya dace da kai irin namu?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa kafin in amsa, domin magana ce da ta taɓa ni. Ka ce shekarunka 31, goshi ya fara ja da baya ta gefe biyu, tsakar ka ta soma haske, kuma wani asibiti a Santambul ya turo maka saƙo cewa za su dasa maka saiwa 5,000 a yini ɗaya. Kana son sanin tsakanin FUE, wato tsintar saiwa ɗaya-ɗaya, da FUT, wato yanko fata, wanne ya fi. Ni an yi mini FUE shekara uku da suka wuce, abokin aikina kuma an yi masa FUT tun kafin ni, kullum ina ganin kansa yana ganin nawa. Abin da na koya a kai shi ne, ƙeyarka ce za ta zaɓa maka, don haka daga can zan fara.

Sanƙon maza gado ne, kuma wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga sinadarin mazantaka, ana ce masa DHT, shi ke bin saiwar gashin goshi da na tsakar ka yana tsuke ta a hankali har gashin ya koma siriri, daga baya ya daina fitowa. Gashin ƙeya da na saman kunne galibi ba ya jin wannan sinadarin. Shi ya sa za ka ga dattijo kansa fes a sama amma ƙeya na nan da gashinta. Wani likitan fata a New York, Norman Orentreich, ya wallafa a 1959 cewa in aka ɗauko gashin ƙeya aka dasa a wurin sanƙo, halinsa na ƙeya yake riƙewa. Kafin shi ma wani likita ɗan Japan, Okuda, ya yi irin wannan aiki a 1939. Duk sana'ar a kan wannan take tsaye. Amma ka riƙe abu ɗaya: ba sabon gashi ake ƙirƙira maka ba, naka ake ciro daga baya a kai gaba, kamar mai dashen albasa da ke cire iri daga gado ya kai fili. Kuma inda aka cire saiwa, ba ta sake tsirowa har abada. Ƙeya rumbu ce da ba a ƙara mata hatsi.

To, ga yadda hanyoyin biyu suke ɗiba daga rumbun.

FUT ita ce tsohuwar. A yi maka allurar kashe zafi, likita ya yanko siririyar fata daga ƙeya, faɗinta kamar santimita 1 zuwa 1.5, tsawonta kan kai daga bayan wannan kunne zuwa bayan wancan. Sai a ɗinke wurin. Ma'aikata su zauna da madubin ƙara girma suna rarraba fatar zuwa 'yan ƙulli-ƙulli, kowanne da gashi ɗaya zuwa huɗu, yadda Allah ya halicce su a tare. Ana cire zaren ɗinkin bayan kwana 10 zuwa 14. Abin da ya rage maka shi ne tabo guda, dogo, kamar an ja layi.

FUE kuwa, wadda likitoci biyu na Amurka, Rassman da Bernstein, suka bayyana a 2002, babu yanka babu ɗinki. Za a aske ƙeyar, a kwantar da kai rubda ciki, a riƙa huda fatar da wani ɗan ƙarfe mai bakin zobe, faɗinsa bai wuce milimita ɗaya ba ko kusa da haka, ana zagaye kowace saiwa ana tsinto ta da hantsaki. Ina tuna ƙarar na'urar a ƙashin kaina, zzz, tsit, zzz, tsit, awa uku cur fuskata na cikin ramin matashi. Da aka ɗaga ni in sha ruwa, na ga saiwoyin a jere cikin 'yan faranti na ruwan gishiri mai sanyi, kamar tsabar shinkafa da aka jiƙa, wata ma'aikaciya tana ware masu gashi ɗaya daban don layin goshi. Nan ma akwai tabo, kada kowa ya ce maka babu. Ɗige-ɗige ne farare, dubbai, a warwatse.

Daga nan hanyoyin biyu sun haɗe: a tsaga 'yan ƙananan ramuka a wurin sanƙon, a cusa saiwa ɗaya-ɗaya. Sunayen da za ka gani a talla, irin su DHI ko mai wuƙar safaya, duk FUE ce, kayan shukar ne kawai suka bambanta. Kada su ɗauke maka hankali.

Yanzu ga inda maganar ta zama tamu, mu baƙar fata, wanda mafi yawan tallan ba ya taɓowa. Gashinmu ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, saiwar ma a ƙarƙashin fata a lanƙwashe take kamar lauje. Ƙarfen FUE a miƙe yake shiga, kuma mai riƙe da shi ba ya ganin abin da ke ƙasa. In hannunsa ya saba da gashin Turawa ko na Turkawa mai miƙaƙƙiyar saiwa, sai ya riƙa datse taka biyu. Saiwar da aka datse sau da yawa asara ce: an rage rumbu, ba a kuma samu abin shukawa ba. A nan FUT ta fi, domin ana rarraba saiwar ne ido na ganinta, ana bin lanƙwasarta. Ƙwararrun da suka saba da irin gashinmu suna yin FUE lafiya lau, da ƙarfe mai ɗan faɗi da kuma haƙuri, amma sai ka nemo su. Alherin da ke cikin gashinmu kuma shi ne, murɗewar nan tana rufe fata fiye da miƙaƙƙen gashi, don haka saiwa kaɗan kan yi aikin da yawa.

Sai tabo. Fatarmu ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu yana ƙaiƙayi, irin wanda kan fito a kunnen da aka huda ko a ƙirji. Akwai kuma ƙurajen ƙeya masu tauri da ke damun samarinmu da yawa, musamman masu aski ƙasa-ƙasa. Sa hannu ka shafa ƙeyarka yanzu. In akwai irin waɗannan ƙuraje, ko kuma wani tsohon ciwo a jikinka ya taɓa warkewa ya bar tudu, to ka tsaya cak, ba FUT ba, ba FUE ba, sai likitan fata ya duba ka. Wasu likitocin kan gwada dasa 'yan saiwoyi kaɗan su jira watanni su ga yadda fatar za ta warke. Wannan gwajin ya fi komai arha in aka kwatanta da dogon tudu daga kunne zuwa kunne.

Abu na uku shi ne askinmu. Bature na iya tara suma ta rufe layin ɗinki. Mu kuwa duk Juma'a ko biyu muna wurin mai aski, da yawanmu tal-kwabo muke yi ko kusa da haka. Abokin aikina gashinsa ya fito da kyau ƙwarai, gaban kansa ya fi nawa cika, gaskiya ce wannan. Amma ranar da wani sabon yaro a shagon aski ya sauke masa ƙeya ƙasa sosai, layin ya fito fili, fari a kan baƙar fata, har yaron ya tambaye shi ko haɗari ya yi. Tun daga ranar ba ya barin a rage gashin ƙeyarsa, kuma hula ba ta rufe wurin tunda a ƙasanta yake. Ni ɗige-ɗigena suna ɓuya in gashin ya yi kwana huɗu ko biyar, amma in aka sa reza ana ganinsu.

Ta wajen jinya FUE ta fi sauƙi, ramukan kan rufe cikin mako guda. Mai FUT kan ji ƙeya ta ɗaure, wani lokaci ta yi masa dindiris na watanni.

Bari mu koma kan 5,000 ɗin nan, don ita ta fi tayar mini da hankali a cikin saƙonka. Abin da mutum zai iya bayarwa daga ƙeyarsa a duk tsawon rayuwarsa galibi tsakanin saiwa 4,000 ne da 8,000, kuma mu gashinmu bai kai na Turawa yawa a kowane taƙi na fata ba. Likitoci suna auna sanƙo da ma'aunin Norwood na 1975, mai mataki bakwai. Yadda ka kwatanta naka, kamar kana wajen mataki na uku. Amma shekarunka 31, sanƙon bai gama tafiya ba. Dubi kan mahaifinka da na kawunnanka, can ne mai yiwuwa ka dosa. Yi lissafi: in filin ya kai murabba'in santimita 200, ana dasa 35 a kowane ɗaya, 7,000 ke nan. In ka kwashe 5,000 yau ka zuba a goshi, shekara goma nan gaba gashin asali da ke bayan dashen ya zube, za a bar ka da tsibirin gashi a gaba, fili a tsakiya, ƙeya kuma ta yi tsilli-tsilli kamar gonar da fari suka bi. Wannan ba ya gyaruwa. Ni ma asibitin farko da na tuntuɓa, hoto uku kawai na tura musu ta WhatsApp, cikin minti goma suka ba ni adadi da farashi da ranar zuwa. Ba su tambayi shekaruna ba, balle ciwon suga ko hawan jini. Likitan da ya yi mini daga baya sai da ya auna ƙeyata, ya ce 2,200 za su isa, ya kuma ƙi sauko mini da layin goshi inda na nuna masa. Na ji haushi a ranar. Yau in na dubi madubi addu'a nake masa, domin goshin ɗan shekara 18 ba ya dacewa da fuskar mai shekara 50.

Wanda sanƙonsa ya yi nisa yana bukatar saiwa da yawa, shi ne FUT ke yi wa rana, don tana ɗebowa daga tsakiyar wurin da gashi ya fi ƙarko, kuma daga baya ana iya ƙarawa da FUE.

Dashe ba ya tsayar da zubar sauran gashin, magani ke yin wannan. Akwai minoxidil na shafawa, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da finasteride na sha, miligiram ɗaya a rana, da ta amince da shi don sanƙo a 1997, shi ne ke rage DHT ɗin. Duka biyun in ka daina, abin da suka riƙe maka zai tafi. Finasteride kuma yakan rage wa wasu maza kaɗan sha'awa ko ƙarfi, kuma ba a so mai juna biyu ta taɓa fasasshen ƙwayarsa, don haka ba abin saye a kemis da ka ba ne, sai ka zauna da likita. Ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya yi dashe a 2011 yana ɗan shekara 25, ya sake komawa a 2013. Mai kuɗinsa ma bai gama da zama ɗaya ba.

Game da Turkiyya, ban ce kada ka je ba. Akwai ƙwararru na gaske a can, kuma farashin ya yi ƙasa da na Ingila da Amurka nesa ba kusa ba, ga masauki da tafinta a cikin kuɗin. Matsalar ita ce a wasu wuraren likita layi kawai zai zana maka ya wuce ɗaki na gaba, ma'aikata su yi sauran, mutum da yawa a rana guda. Ka tambaye su kai tsaye wa zai riƙe ƙarfen, mutum nawa suke yi a yini, kuma su nuna maka hotunan baƙaƙen fata da suka yi wa aiki, bayan shekara guda, har da ƙeyarsu a aske. In suka yi ta kwana-kwana, ka samu amsarka.

Bayan aikin, hanyoyin biyu tafiyarsu ɗaya. Kwanakin farko a kishingiɗe za ka riƙa barci, goshi kan kumbura har ya sauko ido. Ɓawon kan faɗi cikin kwana goma zuwa mako biyu. A wannan tsakanin ba a sa hula mai matse kai, ba a shiga rana, kuma ka tambayi likita da malaminka yadda za ka yi da shafar kai a alwala da kuma sujada, ni dai da nuni na yi ta a kwanakin farko. Sai abin da ya fi karya zuciya: tsakanin mako na biyu da na takwas gashin da aka dasa zai zube. Na tashi wata safiya na ga 'yan gajerun gashi baƙi ƙirin a kan farar rigar matashi, na zauna a bakin gado na kasa magana, ina ganin kuɗina da wahalata sun tafi. Saiwar na nan a ciki, hutawa take. A wata na uku zuwa na huɗu sai tsiro ya fara, siriri. Cikakken sakamako sai shekara, tsakar ka ma takan kai wata 18.

Wani a ƙasan tambayarka ya ce ko wannan bai shiga canza halitta ba. Malamai da dama, cikinsu har da Shaihu Ibn Usaimin, sun halatta shi a matsayin kawar da aibi, suna kafa hujja da hadisin mutum uku na Bani Isra'ila da ke cikin Bukhari da Muslim, inda mai sanƙo ya roƙi gashi mai kyau aka ba shi. Sun bambanta shi da ƙarin gashin wani da aka hana.

Da ni ne kai, Malam, ba zan sayi tikiti bana ba. Zan je wurin likitan fata a asibitin koyarwa mafi kusa, ya tabbatar sanƙon gado ne ba wata cutar fatar kai ba, ya duba ƙeyata, in ya ga ya dace ya ɗora ni a kan magani na shekara guda. Ka ɗauki hoton kanka yau ta gaba da sama da baya, a hasken rana, ka sake ɗauka duk wata uku a wuri guda. In zubar ta tsaya kuma har yanzu goshin na damunka, kuma askin ƙasa kake yi, FUE a hannun wanda ya saba da gashinmu, saiwa 2,000 zuwa 2,500 a gaba kawai, sauran a bar su a rumbu. Ka faɗa mini ko akwai ƙuraje a ƙeyar taka, da yadda kan mahaifinka yake, sai mu ci gaba daga nan.