Gidan gem ɗin bayan kasuwa, inda 'yan PES da 'yan FIFA ke raba raini

Ɗan yayata ne ya ja ni. Yaron ya gama jarrabawa, ya hana ni sakat, wai sai na zo na ga yadda ake buga ƙwallon zamani, don duk labarin PES, gem ɗin ƙwallon zamaninmu, da nake ba shi tatsuniya ce. Ranar wata Asabar bayan la'asar na rufe shagon ɗinkina na bi shi. Yau wata biyu ke nan, kuma ba don kunya ba da na ce na fi shi zuwa.

Wurin yana cikin lungun da ke bayan kasuwar unguwarmu a nan Kano, tsakanin mai cajin waya da mai shayi. Ɗaki ɗaya ne dogo. Talabijin biyar ne a jikin bango, kowanne da na'urar gem ta PlayStation: PS5 ɗaya, PS4 uku, sai wata tsohuwar PS2 can ƙurya da aka ɗaure murfinta da roba. Wasa ɗaya naira 200 a PS4, naira 500 a PS5, ita kuwa tsohuwar naira 100. Dokar gidan ba ta da wuyar ganewa: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Abin da ya fara burge ni shi ne wuta. Mai shagon, wanda kowa ke kira Oga, ya sa sola da batir, saboda haka ko an ɗauke wuta talabijin ba ya ko ƙiftawa. Yaran yanzu ba su san darajar wannan ba. A zamaninmu kana cin mutum uku da nema sai inji ya yi tari ya mutu, komai ya goge, wanda ka lallasa ya miƙe yana kaɗa riga yana cewa ai da ma yanzu zai rama. An sha ɓata zumunci a kan wannan.

Amma ni abin da ke mai da ni wurin musu ne. Gidan ya rabu gida biyu. Yara 'yan ƙasa da ashirin duk 'yan FIFA ne, kuma har yau FIFA suke ce masa, ko da yake kamfanin EA mai yin gem ɗin ya rabu da hukumar FIFA bayan FIFA 23, ya koma kiran gem ɗin FC tun daga 2023. Mu da furfura ta fara leƙowa a gemu, PES muka sani, na kamfanin Konami na Japan, wanda wasunmu suka fara bugawa tun yana Winning Eleven, mai sharhi yana ta ihu da Japananci ba mu jin ko kalma ɗaya.

Hujjar yaran kullum ɗaya ce: suna. Sai su ce wane irin gem ne za ka nemi Manchester United ka tarar da Man Red, ka nemi Liverpool ka ga Merseyside Red, Chelsea kuma ta zama London FC? Gaskiya suka faɗa, an yi shekaru haka, don Konami ba ta da lasisin yawancin ƙungiyoyin Ingila. Ni kuma sai in tuna musu cewa su ma sun ɗanɗana: a FIFA 20 babu Juventus, sai wata aba wai ita Piemonte Calcio, lokacin kuma Ronaldo yana can. Nan bakinsu yake mutuwa na ɗan lokaci. Sai wani mai wayo a cikinsu ya jefo maganar eFootball, sunan da aka canza wa PES a 2021, wanda ya fito da fuskokin 'yan wasa kamar dodanni har kamfanin da kansa ya fito ya ba da haƙuri. A nan ni nawa bakin yake mutuwa, in ce a kawo shayi.

Ranar farko da na zauna gaban PS5 na sha kunya. Ɗan yayata ya ɗauki Real Madrid, ni na ɗauki Manchester City saboda Haaland. Minti na bakwai na tsinci kaina daga ni sai gola. Yatsana ya danna maɓallin bokis a pad, wato abin da ake riƙewa a buga gem, kamar yadda ya saba shekara ashirin. Ƙwallo ta tashi sama ta nufi tutar kwana. A PES bokis shi ne shot, O kuma kuros. A FIFA an juya su. Gudu ma haka, mu R1 muka sani, su R2. Duk benci ya fashe da dariya, yaron nan ya juyo ya ce, “Kawu, wa ka bai wa? Ko ɗan kallo ka hango?” Ya ci ni biyar da ɗaya. Oga ne ya tausaya mini, ya karɓi pad ɗin ya shiga saiti ya mayar mini da maɓallan irin na PES, bai ce uffan ba. Tun ranar, da ya gan ni a bakin ƙofa yake gyara mini kafin in zauna. Wannan kaɗai ya isa in yaba masa.

In za a faɗi gaskiya, FC a kan PS5 abin kallo ne. Ciyawa, gumin 'yan wasa, yadda raga ke girgiza, duk ba a magana. Sai dai ni a hannuna ƙwallon ba ta da nauyi, kuma yaron da ya haddace dabarun juya sandar dama zai yi ta walagigi da kai ko bai san mene ne tsari ba. PES tana sa ka haƙuri, ka gina wasa daga baya, ka jira gurbi ya buɗe kafin ka saki tirayangul, maɓallin zura wa ɗan wasanka ƙwallo a gaba. Wannan ra'ayina ne, kuma na san ɗan yayata zai karanta ya ce tsufa ne.

Ƙuryar PS2 ita ce fadarmu. PES 6 ce a ciki, ta 2006, kuma dokar da muka gada tana nan: ba a ɗaukar Inter Milan sai da yardar abokin wasa, saboda ɗan wasan gabanta Adriano. Ƙarfin shot ɗinsa 99 ne, daga kusan tsakiyar fili zai sako ta da ƙafar hagu gola ya bi ta da kallo. Akwai wani direban adaidaita da ke zuwa bayan isha'i, ba ya wasa da kowa, Master League, inda kake gina ƙungiyar kanka, kawai yake bugawa da su Castolo da Minanda, 'yan wasan ƙarya da gem ɗin ke ba ka tun farko. Oga ya ware masa memori nasa shi kaɗai, yana ajiye shi a cikin gwangwanin madara.

Akwai abin gyara, ba kaɗan ba. Pad biyu na PS4 sandarsu ta saki, ɗan wasanka sai ya riƙa tafiya hagu shi kaɗai kamar mai jin barci, kuma baƙo ake miƙa wa su, 'yan gida sun san na ƙwarai. Na yi wa Oga magana sau biyu, ya ce an yi oda. Fanka ɗaya ce a ɗakin, da rana in mutum goma sha biyar suka cika shi sai ka fita shan iska tsakanin wasa da wasa. Layin PS5 kuma ba ya bin gaskiya. In abokin Oga ya shigo, sai ka ji wai da ma ya kama layi tun da safe. Mai son Mortal Kombat ko GTA ma ya haƙura da yamma, don ba wanda zai bar masa talabijin ƙwallo na jira.

A ɗaya ɓangaren, Oga ba ya barin yaro mai kayan makaranta ya shigo, ana kiran salla yake kashe sauti ya ce a tashi, kuma na ga da idona ya kori wasu samari biyu da suka ajiye kuɗi a ƙarƙashin benci za su yi caca. Shi ya sa yayata ba ta hana yaron zuwa.

In za ka je, je tsakanin azahar da la'asar a ranar aiki, ka gwada sandar pad kafin a fara, kuma ka riƙe canji. Jiya na ja ɗan yayata ƙurya, na ce yau a gidana za a yi. Ya yarda na ɗauki Inter don bai san dokar ba. Huɗu da nema, duka Adriano, shi kuma ya biya naira ɗarin.