Splash Mountain: kwale-kwalen da masoya suka yi wa bankwana

A ranar 22 ga Janairun 2023 Splash Mountain, wani wasan hawa kwale-kwale, ya ɗauki fasinjojinsa na ƙarshe a Magic Kingdom, wurin shaƙatawa na kamfanin Disney da ke Fulorida, Amurka, inda yake aiki tun 1992. Ranar, layin masu bankwana ya haura awa 3.

Ya cancanci wannan ƙauna. Kwale-kwale ne mai siffar gungume, mutum 8, bibbiyu a jere, tafiyar sama da minti 10. Yaron da bai kai santimita 102 ba, ba ya hawa. Gwanintarsa jan rai: ƙananan gangara tukuna, ga 'yan tsanan dabbobi suna waƙa, sai bel ya ja ka sama a hankali, ya sako ka gangarar kusan mita 16. Na gaba ne ke jiƙewa sharkaf, don haka waya sai cikin leda.

Aibinsa tsufa. Danshi yana cin injinan 'yan tsanan, wasu su daskare, kuma in kwale-kwale ɗaya ya maƙale, sai na'ura ta tsayar da na baya.

Labarinsa daga fim ɗin Disney na 1946 mai suna Song of the South ne, wanda aka daɗe ana suka kan yadda ya nuna baƙar fata. Rufe shi da aka yi don sauya labarin daidai ne. Hanyar ruwan tana nan, an sake buɗe ta a Yunin 2024 da sunan Tiana's Bayou Adventure.