Wata 8 da motona 125 mai siffar na dauri, ga abin da na gani

Tun ranar da na fara ajiye moton nan a ƙofar shago a Sabon Gari nan Damagaram mutane ke tsayawa kallo, wani dattijo ma ya rantse tsoho ne na gyara na fenta. To sabo ne dal, ƙirar Sin, 125, kawai siffar motocin da aka ba shi, tanki mai kamar ƙwai, fitila ɗaya zagayayya, ƙafafu na waya irin na keke, kujera doguwa ruwan ƙasa. Gaskiya kyan ne ya sa na saya, amma yanzu in ka tambaye ni kan injin zan fi yi maka surutu.

Injin kwafin Honda CG125 ne, wanda Honda ta fitar a 1975 bayan injiniyoyinta sun zagaya kudu maso gabashin Asiya sun ga mutane na loda wa moto kaya suna aiki da shi kullum, ba bidanji, wato canjin man inji, ba komai sai ranar da ya tsaya. Shi ne suka yi injin da zai jure irin wannan riƙon. Makanikena a Garin Malam ya buɗe min kan injin ranar da za mu daidaita supap, wato 'yan marufan da ke buɗe wa iska da esansi su shiga, hayaƙi ya fita, ya zaro wasu sanduna biyu tsawonsu bai wuce biro ba, ya ce "maigida ka ga waɗannan, su ke tura supap daga ƙasa, nan babu sarƙar cikin inji da za ta saki ta dame ka da ƙara." Abin da ke ɗaga sandunan yana can ƙasa kusa da mai, haƙori da haƙori yake juyawa, kuma ƙullutu guda ɗaya tak ke aikin supap ɗin shiga da na fita duka. Wallahi na daɗe tsaye ina kallon abin nan, na ji daɗin yadda aka yi shi ba tarkace.

Kuma a Damagaram wannan ba ƙaramin abu ba ne. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, iska ce kawai ke sanyaya shi, ba ruwa ba tiyo balle wani abu ya huje, ni dai ina kankare laka daga haƙarƙarin injin shi kenan. Lokacin hunturu da ƙura ta rufe gari, soso ne ke tace iska, duk sati biyu in cire in wanke in shafa masa ɗan mai in mayar, ban taɓa sayen sabo ba. Bidanji bai wuce lita ɗaya na mai ba, sai wata 'yar raga a ƙasa da ake ɗaurayewa. Sau ɗaya esansin kwalba na bakin hanya ya toshe min karbureta, aka kwance aka busa, kafin in gama shan shayi an haɗa. Batir ya mutu kuwa kik ɗaya biyu ya tashi. Esansi kuma a nawa lissafin lita ɗaya na kai ni Mirya in dawo, kilomita 18 zuwa 18 dawowa, in ban matsa masa ba.

Sai dai kar in ɓoye muku, in ka wuce 70 yana karkarwa, madubi ba ka ganin komai a ciki, ranar da na je Magarya sai da tafin hannuna ya mutu na tsaya na yarfe. Irin wannan injin ba na gudu ba ne, na haƙuri ne. Birki gaba da baya duka na ganga ne, yana kamawa amma sai ka fara takawa da wuri, musamman in akuya ta faɗo kwalta.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne inda suka fifita ado a kan amfani. Sarƙar baya a buɗe take, wani ɗan siririn marufi kawai suka ɗora a sama don a ga kyau, to mu nan rairayi ne ko'ina, shiga lungunan Birni ko Zango sau biyu sarƙa ta kwashi yashi ya haɗu da mai ya zama kamar takardar goge ƙarfe, wata 6 na canza sarƙa da haƙoranta gaba ɗaya, kuma ba don ban kula ba. Kujerar ma haka, a ido ta yi kyau amma soson siriri ne, na ɗauki uwargida zuwa Kasuwar Dole ta ce ita ba ta ƙara hawa sai an ƙara soso, kuma ba wurin ɗaure kaya a baya. Ƙarfen nan mai walƙiya na salansa damina ɗaya ya fara tsatsa. Fitila da dare ba ta nisa.

Mai kabu-kabu ban ba shi shawarar ya saya ba, kaya da fasinja za su wahalar da shi. Amma mai zuwa aiki da shago cikin gari, wanda ke son abin da kowane makanike zai iya buɗewa kuma kayan gyaransa na nan birjik, zai ji daɗinsa. Ni na riga na ƙara soso a kujera, sati mai zuwa in sha Allah zan kai wa mai walda ya yi min cikakken marufin sarƙa, sama da ƙasa, ko da zai rage masa kyau.