Haruffan samfefa na Montessori, na saya wa 'yata, ga abin da na gani

Masu tambaya ko allunan haruffan nan masu kaushi sun cancanci a saya wa yaron da zai fara makaranta, ni dai amsata eh ce, amma fa sai in akwai babban da zai zauna da yaron. In saya za ki yi ki juye masa a tsakar ɗaki ki tafi harkarki to gara ki riƙe kuɗinki, don gini zai yi ta yi da su ko ya tauna gefen.

Ga wacce ba ta taɓa ganinsu ba, wasu 'yan alluna ne na siririn katako, kowanne da harafi ɗaya da aka yanko daga samfefa aka manna a kai. Saitin da na saya ƙananan haruffa 26 ne a akwatin katako, wasula a kan shuɗi, baƙaƙe a kan ruwan hoda. Yaro zai sa yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, ya bi harafin yadda ake rubuta shi yana faɗin sautinsa, shi ke nan, ba batir ba kiɗa ba fitila. Dabarar ma ta daɗe, Maria Montessori likita ce 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta yara ta farko a unguwar San Lorenzo a birnin Rum a 1907, yaran kuma 'ya'yan talakawa ne, ta so a ƙera mata haruffa masu tsada kuɗi bai kai ba, sai aka koma yankan takarda da samfefa, ashe alheri ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannu yana koyon hanyar harafi tun kafin a ɗora masa wahalar fensir. Ɗan shekara huɗu yatsunsa ba su gama ƙwari ba, amma sai ki ga an ba shi shafi guda cur wai ya cika da a a a, yana kuka ana tsawa, wallahi abin nan yana ci min rai, yaro bai san daɗin karatu ba an riga an sa ya tsane shi. Da waɗannan kuwa in yatsa ya kauce daga kan kaushin zai ji santsin katako, shi da kansa zai dawo hanya ba sai kin ce masa ka yi kuskure ba. 'Yata b da d ne suka dame ta, duk ɗaya take ganinsu, to amma a kan allon b daga sama ake farawa a sauko da sandar sannan a yi cikin, d kuma cikin ake fara zagayewa sannan sandar. Rannan na ga ta runtse ido tana shafa d a hankali, leɓenta na motsi, ta kai ƙarshe ta buɗe ido ta ce wannan da tumbi yake farawa. Tun daga nan in ta rikice sai ta zana shi a kan cinyarta da yatsa ta tuna.

Yadda ake koyarwar shi ne wajen da mutane da yawa ke ɓata abin. Mataki uku ne, Montessori ta ɗauko shi daga aikin wani likita Bafaranshe, Édouard Séguin. Ki ɗauki haruffa biyu ko uku da ba su yi kama ba, misali m da a da s, kar ki haɗa b da d rana ɗaya. Na farko ki shafa ki ce wannan mmm ne, shi ma ya shafa. Na biyu ki ce nuna min mmm, miƙo min sss, ɗora aaa a kanka, ɓoye mmm a bayanka, nan ne ake daɗewa sosai don nan abin ke zama a kai kuma yara na son shi tunda wasa ne a wajensu. Sai na uku ki nuna ki ce wannan mene ne? In ya kasa kar ki ɓata fuska, ki koma baya kawai ko ki tattara sai gobe. Kuma don Allah sautin za ki koya masa, mmm, ba sunan em ba, don yaron da ya haddace em da ei in ya ga m da a a jere ba zai san yadda zai haɗa su ba. Mu da Hausa ma abin ya zo mana da sauƙi tunda kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yana sanin m da a da b zai iya jera mama da baba, murnar da za ki gani ranar ba a magana. Minti goma ya isa, da kin ga ya fara waige waige ki ƙyale shi.

Inda saitin ya gaza kuma dole in faɗa. Don Turanci aka yi shi, akwai q da v da x amma babu ɓ babu ɗ babu ƙ babu ƴ, balle sh da ts, yaro kuwa zai so rubuta ɗaki da ƙofa. Ni kwali mai kauri na samu da samfefa da gam na yanka nawa na ƙara a akwatin. Sannan ba wata takardar bayani a ciki, ko ɗigon da zai nuna inda ake fara harafi babu, uwar da ba ta sani ba sai ta bar yaro yana shafawa daga ƙasa zuwa sama ya saba da hakan. Wutsiyar wasu haruffan ma ta fara ɗagowa sai da na sake mannawa. Ku sani kuma sunan Montessori kowa na iya buga shi a jikin kwali, ba shi ke nuna kwaliti ba.

Kafin ki biya ki duba siffar a da g, su zama irin waɗanda ake rubutawa da hannu a makarantar da zai shiga, wasu saitin rubutun haɗe ne wasu kuma irin na littafi. Ki shafa da yatsanki ki ji, in samfefar ta cika kaushi yaro zai ƙi taɓawa. Wanda ya riga ya iya rubutu ba ya buƙatarsu. Mu yanzu mun ƙara da tire mai ɗan yashi, ta shafa harafin a allo sannan ta zana shi a yashin, in bai yi mata ba ta girgiza ta sake, fensir kuma sai ta nema da kanta nake ba ta.